Wasan Da Babu Ramuwa

  A wannan karon so nake mu ɗan tattauna a kan wani abu da kowaccenmu take yi kullum ba tare da ta tsaya ta yi tunani a kansa ba, wato dariya, musamman irin wadda ake sayar mana a talabijin da littattafai da kuma wayoyin da ke hannunmu.

Tun farko kada wata ta ce ga uwar wa'azi nan ta zo ta hana mu sakewa. Dariya ba laifi ba ce. Matar da ta tashi tun asuba ta ɗora ruwan zafi, ta shirya yara makaranta, ta yi shara da wanke-wanke, ta ɗora sanwar rana, ga kuɗin cefane ba ya kai wa ko'ina, wallahi ta cancanci ta miƙe ƙafa bayan isha'i ta ƙyalƙyale da dariya har sai ta yi hawaye. Tambayata guda ɗaya ce tak: wa ake yi wa dariyar, kuma shi wanda ake yi wa ɗin yana da bakin ramawa?

Na yi wannan tambaya ne domin Bahaushe bai taɓa sanin wasan da babu ramuwa ba. Dubi kaka da jika. Tsohuwa za ta kalli jikarta ta ce ga kishiyata mummuna, wadda ba ta iya tuwo ba, yarinya kuwa ta murguɗa baki ta ce ai gara ni da haƙorana, gida ya ɗauki dariya, babu wanda ya kwana da ɓacin rai. Dubi taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, yadda suke yi wa juna tsiya a gidan biki, ga kuma kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki. Dubi Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani. Duk zafin maganar da aka yaɓa maka, kana da damar ka mayar da wadda ta fi ta, kuma a gaban idonka aka faɗa. Saboda darajar wannan al'ada ne ma a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin da ke tsakanin al'ummomin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya masu daraja, domin an ga yana kashe wutar rikici tun kafin ta kama.

Ko a addini ma muna da misali. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake yi ya wuce ta, ya yi dariya ya nuna mata cewa ya rama. Kin ga wasa tsakanin miji da mata ke nan, yau ke gobe shi.

Da boko ya zo aka fara buga littattafan hira, marubutan farko da wannan ƙa'ida suka tafi. Wadda duk ta karanta Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ba za ta manta da Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Tun haɗuwarsu ta farko Alhaji, wanda ba shi da karatun kirki amma ya shiga rigar malanta, ya zana wata 'yar alama ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya kira ta da sunan harafi, shi kuwa ya ce ai jinjirin wata ne, mutanen gari suka bi bayan jahili suka kori mai ilimi. To da a nan labarin ya tsaya, da zalunci ne kawai muka karanta. Amma Imam bai bar Zurƙe a ƙasa ba. Duk garin da suka sake haɗuwa sai wanda aka cuta ya rama, wannan ya jefa wancan a rami, gobe wancan ya jefa wannan, har daga ƙarshe suka shirya. Shekara casa'in ke nan da 'yan kai ana karanta littafin nan ana dariya, kuma in kin duba da kyau, abin da ake yi wa dariyar shi ne malantar ƙarya da saurin yarda irin na mutanen da ba sa bincike.

Haka abin yake lokacin da akwatin talabijin ya shigo gidajenmu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna yadda yaran unguwa ke cika tsakar gidan da ke da talabijin, a zauna a kan tabarma ana jiran NTA ko CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, kuma soja yake kwaikwayo, da gashin bakinsa da tsawarsa da Hausarsa ta bariki mai haɗe da guntun Turanci. Ki tuna fa a yawancin shekarun nan sojoji ne ke mulkin ƙasa, talaka in ya hango kaki sai ya canja hanya. Amma ga shi an kawo masa mai kaki har cikin ɗaki, yana kumfar baki yana kwaɓa, talaka yana dariya har da riƙe ciki. Marigayi Ƙasimu Yero a Karambana, sunan kaɗai ya gaya miki halin, shi ne mai shiga sharo ba shanu, kuma a kansa abin yake ƙarewa. Haka Ƙarƙuzu na Bodara daga Jos. Waɗannan bayin Allah kansu suke miƙawa a yi wa dariya, su ne wawayen wasan, su ne masu shan kunya. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Sai zamanin kaset ɗin bidiyo ya kawo mana Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan, wanda ya bar aikin gidan yari ya kama wasan kwaikwayo. 'Yan boko sun daɗe suna raina finafinansa, suna kiransu camama, amma ki tambayi masu shagon haya na wancan lokaci kaset ɗin wa aka fi nema. Ba zan ce duk abin da Ibro ya yi daidai ne ba. Akwai finafinan da an yi su ne cikin gaggawa, labari babu kai babu gindi, ihu da guje-guje kawai. Akwai kuma inda kwaikwayon harshen wasu ƙabilu ya wuce gona da iri, har ya zama kamar duk wanda Hausarsa ba ta nuna ba sakarai ne. Amma abu ɗaya da ba za a ƙwace masa ba shi ne, a mafi yawan wasanninsa shi ne maƙaryacin, shi ne matsoracin, shi ne mai kwaɗayin da asirinsa ke tonuwa a gaban jama'a. In ya fito ɗan sanda, cin hanci ake yi wa dariya. In ya fito boka ko malamin tsibbu, damfara ake yi wa dariya. Matan da ke fitowa a matsayin matansa kuma, irin su Tsigai, ba kanwar lasa ba ne, in ya faɗi ɗaya sai sun mayar masa da biyu, sau da yawa ma su ne masu hankalin gidan. Shi ya sa da ya rasu a watan Disamba na 2014 matan aure da yawa suka yi kuka kamar ɗan'uwansu ne ya mutu.

To ina aka kwana yanzu? Kafin in amsa, bari in tuna mana abubuwa biyu da suka faru a Kano. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka mai kula da harkar finafinai ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon ma'aikacin gidan yari ya koma ciki a matsayin fursuna. A watan Nuwamba na 2022 kuma wata kotu ta sa aka yi wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda wani ɗan bidiyo da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ba shari'ar nake so in sake yi a nan ba, wannan aikin masana doka ne. Darasin da duk wani ɗan wasa ya ɗauka nake so ki duba: akwai ƙofar da in ka taɓa za ka kwana a ɗaure. Hausawa kuwa sun ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Wanda ya ga an zane ɗan'uwansa saboda ya yi wasa da mai iko, gobe sai ya nemi wanda ba shi da ɗan sanda, ba shi da lauya, ba shi da kowa. Wace ce wannan? Ni da ke ne, 'yar'uwa.

Buɗe wayarki yau ki ƙirga. Ga ƙato da gemunsa ya ɗaura zani da ɗankwali, ya cusa tsumma a ƙirji, yana karairaya wai shi matar aure ce, kuma matar auren da ya sani ita ce mai gulma ta katanga, mai satar kuɗin cefane, mai bin bokaye. Ga bazawara, kullum a nuna ta tana farautar mijin wata, kamar ita ta saki kanta. Ga budurwa, ba ta da zance sai kuɗin anko da waya da kaza. Ga uwar miji mayya, ga kishiya muguwa, ga 'yar aiki daga ƙauye wadda ba ta san firji ba, tana gaishe da mutanen cikin talabijin. Ga mace mai ƙiba, ga baƙa, ga gajera, ga wadda ta daɗe ba ta yi aure ba, ga wadda Allah bai ba haihuwa ba, kowacce an mai da halittarta ko jarrabawarta abin shewa. Ban ce babu mata masu irin waɗannan halaye ba, akwai su, kuma wasan da ya taɓa mugun hali gyara yake yi. Amma bambancin hali da halitta a fili yake. Mai rowa in an yi masa dariya yana iya sakin hannu. Gurgu fa, ko mai in'ina, ko wada, me ake so su canja?

Mafi muni shi ne wanda ake ɗauka ba da sanin mutum ba. A tare tsohuwa mai tallan goro a tsorata ta da macijin roba, ta zubar da farantinta ta faɗi, a ɗauka a watsa. A sami mai taɓin hankali a bakin kasuwa a riƙa yi masa tambayoyi ana ƙyaƙyatawa. A ɗauki amarya tana kuka ranar kai ta, ko wata baiwar Allah tana rawa a cikin mata zalla a gidan biki, kafin gari ya waye an ɗora mata waƙa, dubban mutanen da ba ta taɓa gani ba suna yi mata dariya. Ina za ta same su ta rama? Kaka da jika suna ganin idon juna, in wasa ya yi zafi a ce a yi haƙuri. Wannan kuwa ko sunan wanda ya fara turawa ba ta sani ba, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka, yana nan yana jiran 'ya'yanta su girma su gani. Aure ya sha mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Ya kamata kuma mu san yadda kasuwar take tafiya, don kada mu ɗauka kyauta ake ba mu dariyar. A YouTube, alal misali, kafin mutum ya fara cin kuɗin talla sosai sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Sauran dandalin ma kowanne da irin nasa lissafin, amma duk kan abu ɗaya suke: mutum nawa suka kalla, minti nawa suka tsaya, nawa suka tura wa wasu, nawa suka yi magana a ƙasa. Na'urar da ke wannan ƙidaya ba ta san bambancin yabo da tsinuwa ba. In kin shiga kin rubuta Allah Ya isa, ta ƙirga ki cikin masu sha'awa, ta ƙara tura bidiyon ga wasu. In kin tura wa zauren WhatsApp na 'yan ajinku kina cewa ku ga rashin mutunci, kin yi masa talla kyauta da datar da kika saya da kuɗinki. Da can ɗan wasa sai ya bi ta hannun shugabannin gidan talabijin, ga kuma mako guda na shiri kafin a nuna. Yanzu yaro da wayarsa shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne mai tacewa, kuma dole ya fitar da sabo kullum ko a manta da shi. Wanda ke neman abin dariya sau bakwai a mako ba shi da lokacin tunani, abin da ya fi sauƙi zai ɗauka, mafi sauƙi kuwa shi ne ya ɗaura zani.

Kada kuma mu marubuta mu ɗauka mun tsira, domin laifi tudu ne. Littattafanmu na soyayya, tun na takarda da ake saya a kasuwa har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yanzu, cike suke da 'yar ƙauyen da ake kawowa birni don kawai a yi mata dariya shafi ashirin, sai an wanke ta da sabulu mai tsada ta yi fari sannan ta zama mutum. Abin takaicin shi ne mata ne ke rubuta yawancinsu, mata ne kuma ke karantawa. Alhali aya ta 11 a cikin Suratul Hujurat da ta hana izgili ba ta tsaya a kan jama'a gaba ɗaya ba, sai da ta ware mata ta ambace su daban, ta hana wasu mata yi wa wasu mata izgili, domin mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri a wurin Allah.

Na san wata za ta ce, haba Hajiya, ai wasa ne, kin cika ɗaukar abu da zafi. To ai wargi ma wuri yake samu. Ki lura da yaronki ɗan shekara bakwai da ke leƙen wayar ta bayan kafaɗarki. Bai san wasa ne ba, karatu yake ɗauka. Gobe in an aike shi gidan maƙwabciyarku da aurenta ya mutu, da wane ido zai kalle ta? Yarinyarki kuma da ta ga duk macen da ta fito a allo ko wawuya ce ko makira, wace irin mace za ta ɗauka ita za ta zama? Ke kanki da kike dariyar bazawara yau, wa ya ba ki takardar shaidar cewa a ɗakinki za ki mutu? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, cewa aka yi ka shafa wa naka ruwa.

Kuma ba wai an rasa masu yin na kirki ba ne a wannan zamani. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni aka fara nunawa a tashar Arewa24 a 2019, ya isa misali. Attajiri ne ya yi ta aure-aure ya tara 'ya'ya rututu bai san tarbiyyarsu ba, ga shi da maƙo, su kuma sun kewaye shi kowa idonsa a kan dukiya. Wani lokaci hayaniyar takan yi yawa, wani zancen kuma a ja shi ya fi ƙarfinsa, amma ki duba inda dariyar take sauka: a kan kwaɗayi, da son banza, da haihuwar da babu kulawa. Maza da matan gidan kowa da bakinsa, babu wanda aka ɗaure wa hannu ake duka. Mutum zai yi dariya ya kuma tashi yana tunanin gidansu. A waya ma akwai samari da 'yanmata masu basira da ke yin wasa a kan tsadar kaya, da rashin wuta, da alkawarin 'yan siyasa, da halin mazan da ke fita tun safe ba su bar na cefane ba, kuma suna ba da dariya ba tare da sun tozarta kowa ba. Irin waɗannan su ya kamata mu ɗaga.

Mu mata ma ai muna da namu gidan raha tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Wadda ta taɓa zama a wurin kiɗan ƙwarya ko amada ta san yadda marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, take sa tsakar gida ta kaure da shewa. Tana taɓa kishi, tana taɓa ragwancin macen da ba ta sana'a, amma a cikinmu take, da mu take yi, wadda aka taɓa kuma tana iya tashi ta yi liƙi ta juya zancen. Ba baƙin barkwanci ba ne mu, don haka babu dalilin da zai sa mu zauna a matsayin abin dariya kawai. 'Yanmatan da Allah Ya ba baki da basira, ku rubuta, ku tsara, ku fito da yadda gida yake a idon mace, cikin mutunci da sutura.

Abin da nake roƙonmu ba mai wahala ba ne. Duk lokacin da wani abin dariya ya iso wayarki, kafin yatsanki ya kai ga turawa, ki tambayi kanki: da wannan da ake yi wa dariya tana zaune kusa da ni a kan tabarma ɗaya, zan iya kunna mata mu yi dariyar tare? In amsar e ce, tura, Allah Ya ƙara nishaɗi. In kuwa kin san sai kin ɓoye wayar in ta shigo, to ki wuce shi shiru, kada ki tura, kada ki yi zagi a ƙasa, domin shirun nan shi ne abin da mai bidiyon ya fi tsoro. Ki kuma gaya wa yaranki dalili, da bakin da za su gane. Masu wannan sana'a 'yan kasuwa ne, abin da ake saye shi suke kawowa, mu kuma muna cikin manyan masu sayen.

Allah Ya ba mu dariyar da ba za ta zame mana kuka ranar gobe ƙiyama ba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.